Toyota da alkawarin rage hayaƙi da lantarki: me ke saura idan motar ta iso Abuja?

Tambaya: Ina zaune a Kubwa, ina aiki a Sakatariyar Tarayya, kuma duk ƙarshen wata nakan je gida Jos. Na ji kamfanin Toyota na cewa yana rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ta hanyar komawa lantarki, amma abin da nake gani a kasuwa su Prius ne da Camry masu haɗa fetur da batir. Da gaske suke ko talla ce? Kuma in zan sauya tsohuwar Corollata, wacce za ta fi rage hayaƙi da kuɗin mai, haibirid ko mai lantarki zalla?

Amsa: Malam, kafin a shiga maganar kamfani, ka riƙe lamba ɗaya a kai, domin duk lissafin da zai biyo baya a kanta yake tsaye. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, litar man dizal kuma kusan kilo 2.7. Babu wani gyara ko na'ura a salansa da ke rage wannan. Matatar hayaƙin nan da makanikan Apo ke ce wa indomi, gubar da ke cutar da huhu take tacewa, iskar kabon kuwa wucewa take yi yadda ta fito. Hanya ɗaya ce ta rage ta: a ƙona mai kaɗan, ko kada a ƙona sam. Kuma a rayuwar motar fetur, tun daga narka ƙarfenta har ranar da za a kai ta wurin 'yan gwangwan, kusan kashi uku cikin huɗu na hayaƙinta a kan titi take fitar da shi. Shi ya sa idan kamfani ya zo yana alfahari da sola a rufin masana'antarsa, abu ne mai kyau, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Abin da Toyota ya faɗa a rubuce yake. A shekarar 2015 ya yi shelar cewa kafin 2050 zai rage hayaƙin sababbin motocinsa da kashi 90 cikin 100 idan an gwada da na 2010. A 2021 ya ce masana'antunsa za su daidaita hayaƙinsu kafin 2035, kuma a watan Disamban wannan shekarar ya ce zai riƙa sayar da motocin lantarki zalla miliyan 3.5 a shekara kafin 2030. Abin da ya faru a kasuwa shi ne, a 2023 Toyota da Lexus sun sayar da motoci sama da miliyan 10. Haibirid a ciki sun kai kusan miliyan 3.4, masu lantarki zalla kuwa kusan 104,000 ne, wato kashi ɗaya cikin ɗari. Motar da ya buɗe wannan babi da ita, bZ4X, ta fara da ƙafar hagu: a watan Yunin 2022 aka janye kusan 2,700 saboda notocin taya na iya kwancewa. Sannan a farkon 2024 shugaban kamfanin, Akio Toyoda, ya fito fili ya ce a ganinsa motocin lantarki zalla ba za su wuce kashi 30 na kasuwar duniya ba.

Kenan idan Toyota ya ce "lantarki", mafi yawan abin da yake nufi haibirid ne, sana'ar da ya fara da Prius tun 1997. A wannan fannin ba wasa yake ba. Sienna tun ƙirar 2021, da Camry ta Amurka tun ƙirar 2025, ba su da samfurin fetur zalla. Hujjarsa ita ce lissafin da ya raba wa dilolinsa na Amurka: ma'adinan da za a yi batirin motar lantarki ɗaya mai dogon zango da su, sun isa a yi haibirid 6 masu caji, ko haibirid 90 na gargajiya, kuma hayaƙin da 90 ɗin za su rage ya ninka na guda ɗayan sau da yawa. Lissafin daidai ne a ranar da ma'adinai suka yi ƙaranci. Sai dai farashin litiyam ya rushe a 2023, wanda ke nuna ƙarancin bai kai yadda ake tsoro ba. Kuma haibirid tana da iyaka: takan rage shan mai da kashi 25 zuwa 40, daga nan ta tsaya. Ba a kai wa kashi 90 da injin da ke ƙona fetur. A takaice, raguwar da suke nunawa ta gaske ce, amma kamfanin ya zaɓi hanyar da ta fi kare ribarsa, kuma har yanzu Hilux da Land Cruiser da Hiace da yake turo mana nan masu shan mai ne kamar jiya.

To amma kai ba hannun jari za ka saya ba, mota za ka saya, don haka mu dawo Kubwa.

Motar lantarki tana fitowa daga masana'anta da bashin hayaƙi a wuyanta. Haɗa batir yana fitar da kilo 60 zuwa 100 na kabon a kan kowane yunit na ƙarfinsa, yunit ɗin nan dai da mitarka ta gida ke ƙirgawa. Ɗauki Hyundai Kona mai batirin yunit 64, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta nuna ta a Abuja a watan Fabrairun 2021 zamanin shugabancin Jelani Aliyu. Batirinta kaɗai tan 4 zuwa 6 ne, mu ce 5. Batirin Prius kuwa yunit 1.3 ne kacal, bashinsa bai taka kara ya karya ba. Kamfanin Volvo ya taɓa fitar da irin wannan lissafi a kan motarsa C40 a 2021: ƙera ta ya fi ƙera 'yar'uwarta ta fetur hayaƙi da kashi 70, kuma sai ta yi tafiyar kilomita 49,000 a kan wutar iska, ko 77,000 a kan wutar Turai, ko 110,000 a kan matsakaiciyar wutar duniya, kafin ta biya bashin. Mota ɗaya, amsa uku, bambancin kawai inda wutar ta fito.

Ga naka lissafin a kan kowace kilomita 100. Tsohuwar Corolla a cunkoson Abuja da esi a kunne, mu ba ta lita 8, hayaƙi kilo 18.4. Prius mai lafiya lita 5, kilo 11.5. Mai lantarki irin Kona tana cin yunit 16 zuwa 18, a ƙara asarar caji ya zama kusan 20 daga bango. Wutar ƙasar nan kusan kashi uku cikin huɗu daga gas take, sauran daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, don haka yunit ɗaya yana ɗauke da kilo 0.4 zuwa 0.5. Idan wutar AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, ka sha, kilo 9 ke nan, rabin na Corolla. Idan sola ce, kusan babu. Idan babban janareton dizal ne irin na otal ko rukunin gidaje, mai ba da yunit 3 zuwa 3.5 a lita, yunit 20 sai ya ci lita 6, kilo 16. Idan kuwa ƙaramin janareton fetur ne na bayan gida, wanda da kyar yake ba da yunit 2 a lita, lita 10 za ka ƙona, kilo 23. Ka ga an gudu ba a tsira ba: motar lantarkin ta fi Corollar da ka sayar hayaƙi, ta fi ta shan mai, an dai matsar da salansar daga titi zuwa bayan tagar ɗakin yara.

Yanzu ka ɗora bashin tan 5 ɗin. A kan wutar AEDC, sabuwar motar lantarki za ta kamo Corolla bayan kilomita 53,000 ko makamancin haka. Amma tsakaninta da Prius ratar kilo 2.5 ce kawai, sai ta yi kusan kilomita 200,000 kafin su yi kunnen doki. A kan sola kuwa kilomita 43,000 sun isa ta wuce Prius. Wannan lissafin bai sa hayaƙin haƙo mai da tace shi da dakonsa a tanka ba, wanda kan ƙara kusan kashi ɗaya cikin biyar a kan na fetur, don haka ainihin ratar ta ɗan fi karkata wajen lantarki. Kuma idan motar 'yar Kwatano ce, mai ita na farko ya riga ya biya wani ɓangare na bashin.

Ta fuskar aljihu, lokacin da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A a watan Afrilun 2024, yunit ya haura naira 200. A wannan farashin, yunit 20 ya kama naira dubu huɗu da 'yan kai. Ka ninka lita 8 da farashin fetur na yau, wanda bai sake zama wuri ɗaya ba tun cire tallafi a watan Mayun 2023, za ka ga tazarar da kanka. Sharaɗin dai shi ne layinku na samun awa 20 ɗin da aka yi wa rukunin alkawari.

Kubwa zuwa Sakatariya da dawowa kilomita 50 zuwa 60 ne, yunit 10 zuwa 12 a rana. Ƙaramar cajar da ke zuwa da mota tana jan amfiya 10, wato kilowat 2.3, awa biyar ke nan kowane dare, kuma soket ɗin bango mai amfiya 13 na iya ɗauka idan mai kyau ne, a kan layinsa shi kaɗai. Kada a yi da wayar jone ta kasuwa. Jan wuta na awa biyar ba tsayawa yakan narkar da bakin soket, daga nan gobara ke tashi. Wanda ke son cajar bango mai kilowat 7.4 zai buƙaci amfiya 32, wayar tagulla mai kauri murabba'in milimita 6 idan nisan bai yi yawa ba, bireka mai amfiya 40, da na'urar yanke wuta idan ta zube. Abin da ya fi hana caja aiki a gidajenmu shi ne wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin. Gidaje da yawa an ja ta a soket amma ba a kafa mata sandar tagulla a ƙasa ba, caja kuwa tana gwada wannan kafin ta saki wuta. In ba ta samu ba sai ta kunna jar fitila ta yi zamanta. Irin wannan ne ke sa ta ƙi janareto. Idan sola za ka dogara da ita, kilowat ɗaya na faranti a Abuja yana ba da kusan yunit 4 a rana, don haka ƙarin kilowat 3 motar kaɗai ke nema. Matsalar ita ce rana na fitowa lokacin da motar ke fakin a ofis, sai dai ka ƙara batirin gida mai yunit 12 zuwa 15 da zai ajiye mata, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Sannan ka duba bakin cajin kafin ka biya kuɗi: na Amurka daban, na Turai daban, na Sin daban, na Nissan Leaf na saurin caji ma daban. Ita Leaf ɗin, batirin tsofaffin ƙirarta ba shi da ruwan sanyaya, zafin Maris da Afrilu na Abuja yana tsufar da shi da wuri.

Tafiyar Jos ce za ta gwada motar. Ta Keffi da Akwanga hanyar ba ta kai kilomita 300 ba, mu ce 280. A gudun 100 zuwa 110 da esi, yunit 18 a kilomita ɗari, 50 ke nan. Jos ta fi Abuja tudu da mita 700 da wani abu, kuma ɗaga mota mai nauyin kilo 1,800 zuwa wannan tsayin yana cin kusan yunit 4, mafi yawansa a Hawan Kibo. Jimla 54 cikin 64. Sabuwar Kona za ta shiga Bukuru da ɗan saura. Wadda batirinta ya sauka zuwa kashi 85 kuwa yunit 54 ne duka abin da ta mallaka, babu ko na kewaye idan an tare hanya. Dawowa ta fi sauƙi, domin a gangara motar na mayar da fiye da rabin abin da hawan ya ci zuwa batir.

Don haka ga mai mota ɗaya, mai wutar da ba ta da tabbas, mai zuwa Jos duk wata, haibirid ce ta dace, kuma ita ce za ta fi rage hayaƙin a aikace. Mai sola wadatacciya ko Band A na gaskiya, wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce, lantarki zalla ta fi masa nesa ba kusa ba. Haibirid mai caji kuma sai ga wanda zai caja ta kullum. Hukumar Tarayyar Turai ta bayyana a 2024 cewa hayaƙin irinsu a kan titi ya ninka na gwaji sau uku da rabi, saboda masu su ba sa jona su.

Sai dai lita 5 ɗin nan ta Prius ba kyauta take zuwa ba, kuma a nan ne yawancin 'yan Kwatano ke zubar da alkawarin kamfanin. Motar tana da injin fetur, da injinan lantarki biyu a cikin giya, da inbata, da batir a bayan kujerar baya. Ribarta daga abu uku take: inji na mutuwa a tsaye, birki na mayar da gudu zuwa caji, kuma lantarki na ɗaukar nauyin tashi daga tsaye, inda injin fetur ya fi ɓarna. Shi ya sa ta fi nuna kanta a cunkoson Nyanya da Mararaba ko shataletalen Berger fiye da buɗaɗɗiyar hanyar Akwanga. Duk abin da ya raunana batir ko ya hana inji mutuwa, ya cinye ribar.

Batirin Prius ta 2004 zuwa 2015 siraran fale-fale 28 ne a jere, kowanne bolt 7.2, jimla 201.6. Na Camry haibirid ta 2007 zuwa 2017 guda 34 ne, bolt 244.8. Kwamfutar motar tana riƙe cajinsa tsakanin kashi 40 da 80 don ya daɗe. Zafi ne ke kashe shi. Iskar da ke sanyaya shi daga cikin mota ake zuƙo ta, ta wata 'yar taga a gefen kujerar baya, fanka ta hura ta tsakanin fale-falen. Ka buɗe fankar motar da ta yi hunturu biyu a Abuja ba a taɓa ta ba, za ka tarar da fukafukanta sun yi dabe da jar ƙura da gashi da zaren kafet, har ba ka ganin robar. Fale-falen tsakiya ne ke fara dahuwa domin su suka fi nisa da iska. A wanke fankar sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, kuma kada a toshe tagar da jaka ko rigar kujera. Esi ma a nan ba almubazzaranci ba ne, batirin na shan sanyin da kake sha.

Alamar rauni ita ce ma'aunin caji a dashbod ya riƙa cika da zubewa cikin minti biyu ko uku, inji ya ƙi mutuwa a danja, fanka ta riƙa kuka a baya. Daga ƙarshe lambar matsala ta P0A80 ta fito a na'urar bincike. Na'urar bincike tana nuna fale-falen bibbiyu, rukuni 14 a Prius, 17 a Camry. A batir mai lafiya bambancinsu ba ya wuce bolt 0.2 zuwa 0.3 ko an taka mota. Idan wani rukuni ya faɗo da kusan 1.2, ƙwaya ɗaya ta mutu a ciki. Gyaran da aka fi yi shi ne a zare falle ɗaya a sa wani na gwanjo a share lambar. Yakan yi 'yan watanni matsalar ta dawo, domin sabon shigan bai yi daidai da sauran a ƙarfi ba, sai na kusa da shi ya karɓi wahalar. Gyaran kirki shi ne a sauke duka, a gwada abin da kowanne ke iya riƙewa, a haɗa masu kama da juna, a kankare koren tsatsar da ke kan tagullar da ta haɗa su, sannan a daidaita cajinsu kafin a rufe. Wannan ba aikin mai koyo ba ne. Duk waya mai launin ruwan lemo a motar nan tana iya kisa, inbata na ɗaga wutar har bolt 500 ko 650. Sai an kashe mota, an zare filogin tsaro na batir da safar hannu mai jure bolt 1,000, an jira minti goma, an auna an ga babu wuta.

Akwai kuma ɗabi'un garejinmu da ke lalata ta. Cire tamostat da sunan wai don ƙasar sanyi aka yi shi: a haibirid, inji ba ya yarda ya mutu sai ya kai zafin aikinsa, in an cire sai ya yi ta ruri, musamman da asubar Jos a watan Disamba. Zuba baƙin mai mai kauri 20W-50 a injin da aka yi wa 0W-20, kamar na Prius ta 2010 zuwa sama. Zuba ruwan famfo a lagireto da tankin inbata maimakon ruwan sanyaya na Toyota mai launin ruwan hoda. Inbata na da nata famfon ruwa, kuma a Prius ta 2004 zuwa 2009 mutuwarsa sananniya ce, lambar P0A93 ke nuna ta. Ka buɗe murfin ƙaramin tankin motar na kunne, dashbod na nuna READY, in ba ka ga ruwan na motsi ba famfon ya tafi. Mai gyaran esi kuma kada ya zuba man kwamfireso na motocin fetur. Na haibirid da lantarki yake juyawa, mai ND-11 yake so, wani man yana zubar da wuta zuwa jikin mota har lambar P0AA6 ta fito motar ta ƙi tashi. A ƙirar 2010 zuwa 2015, bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji yakan toshe da baƙin toka, in an yi sakaci ya ƙona gaskit. Karkarwar inji da safe ita ce gargaɗin farko. A gangaren Hawan Kibo ka sa giya a B, domin ƙaramin batirin nan yana cika tun ba a yi nisa ba, daga nan nauyin duka ya koma kan birki.

Wani abu da kamfanonin ba sa sa wa a talla: litiyam ɗin batir daga ƙasa ake tono shi, kuma yanzu har a maƙwabtanku Nasarawa, inda aka buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024. Ɗan Jos da ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Barikin Ladi ya san irin tambayar da ya kamata a yi tun yanzu.

Ranar sayen, kada ka yarda da dashbod mai tsabta, dila na iya share lamba da safe. Ka je da mai na'urar bincike, ku duba kilomita nawa motar ta yi tun da aka share lambobi. In bai kai 50 ba, akwai dalili. Ku tuƙa ta minti ashirin da esi, a hau gangaren Katampe ko na Asokoro ana kallon bolt ɗin rukunonin a na'ura, a tsaya a ga ko inji zai mutu da kansa. Ku leƙa ƙarƙashi ku tabbatar indomin na nan, domin na Prius na cikin waɗanda aka fi yankewa saboda tsadar ƙarafan cikinsa. Ku ɗaga shimfiɗar but ku duba ramin safaya da gefen ƙaramin batir mai bolt 12; laka busasshiya ko tsatsa a wurin na nufin motar ta sha ambaliya, kuma irin wannan ko da rabin kuɗi ka bar musu ita.